Ashe mai fitowa daga lungu ne da hannu

Har yau in na tuna ƙarar karon motar nan sai gabana ya faɗi. Shekara da shekaru ina tuƙi ban taɓa ko gogar wata mota ba, sai da aiki ya kai ni Faransa na ɗauki motar haya, kwana huɗu kacal na daki ƙofar motar wata dattijuwa, kuma laifin duk nawa ne, wannan shi ya fi ci min rai.

Kafin tafiya ba abin da ban shirya ba, lasin na ƙasa da ƙasa na yi shi, inshora na biya, na ma ji daɗi da na ga su ma hannun dama suke bi ba kamar Ingila ko Japan ba. Har na haddace cewa da ka ga allon sunan gari to gudu ya koma kilomita 50 ko ba a rubuta ba. Abu ɗaya ne ban tambaya ba, wa ke da hannu a mararrabar da babu danja babu allo. Ni a sanina mai babban titi shi ke wucewa, na lungu ya jira.

Ranar ina kan titi mai faɗi a wata unguwa, ban ma yi gudu ba, na hango ƙaramar mota tana fitowa daga wani siririn layi ta damana, wallahi na gan ta sarai, ko ƙafa ban ɗaga daga totur ba don na tabbata za ta tsaya. Ba ta tsaya ba. Kafin in taka burki fitilata ta dama ta tarwatse, ƙofarta ta lotsa. Allah ya kiyaye ba wanda ya ji rauni. Na fito raina a ɓace ina nuna mata faɗin titina da hannu, ita kuwa hannunta na rawa ta juya ta nuna min wani allo a bayana, mai kusurwa uku da jan baki, da baƙin gicciye a tsakiya. Na wuce shi ban san me yake cewa ba. Cewa yake akwai mararraba a gaba kuma na dama ne zai fara wucewa.

Da dare na zauna na karanta, ashe ba ma dokar Faransa kaɗai ba ce, tana cikin yarjejeniyar zirga-zirgar hanya da aka sa wa hannu a Vienna a 1968, cewa a ƙasar da ake tuƙi ta dama, in babu alamar da ta ce akasin haka, wanda ya fito maka ta dama shi ke da hannu. Jamus da Beljiyam ma haka suke yi. Faɗin titi ba ya ba ka komai. Abin da ke ba ka hannu shi ne alamar hanya, kamar allon nan rawaya mai kusurwa huɗu da aka kafa a kan tsininsa, da farin baki, in ka ga an ja masa baƙin layi to hannunka ya ƙare. Kuma kar ka ɗauka ko'ina haka yake, a Amurka allo rawaya mai wannan siffar gargaɗi ne kawai.

Muka cike takardar haɗari da direbobi biyu ke sa wa hannu, akwai wurin zana yadda abin ya faru, ni da kaina na zana motarta tana fitowa ta damana, ban san hukuncina nake zanawa ba. Kamfanin haya ya cire kuɗin da inshora ba ta ɗauka daga katina, ya yi min zafi sosai, amma ba kamar tuna yadda na ɗaga wa baiwar Allah murya alhali ita ke da gaskiya ba. Na samu na ba ta haƙuri ta waya daga baya, ta karɓa.

Abin haushin, karatun minti goma ne. Na ɓata makonni wajen neman takardu, ban buɗe littafin dokokin hanyar ƙasar ko sau ɗaya ba. Duk mai shirin riƙe sitiyari a wata ƙasa, don Allah ka fara da shafin mararraba da shataletale kafin komai. Sauran kwanakin da na yi can, duk layin da na hango ta dama sai na rage gudu na leƙa, ko na baya yana min hon.