Godiya: na samu gurbin karatun gandun daji

Alhamdu lillahi, magana ta tabbata. Jami'ar Jihar Oregon da ke garin Corvallis a Amurka ta ba ni gurbi a tsangayar nazarin gandun daji, ta kuma karɓi kwasakwasan da na yi a kwalejin Linn-Benton ta garin Albany, don haka daga aji uku zan ɗora. Tsakanin garuruwan nan tafiyar kamar minti 20 ce a mota, amma ni sai da na shekara uku a hanya.

Bayan Allah, godiyata ta farko ga malamar da ke ba ɗalibai shawara a kwaleji. Da na zo, ɗibar kwas nake yi kamar mai cefane ba lissafi, duk wanda ya yi mini daɗin suna sai in shiga. Ita ta zaunar da ni, ta buga takardar abin da jami'a ke nema, ta bi da jan biro: lissafi, kemistiri, ilimin halittu, ƙididdiga. Digirin kiredit 180 ne (wato ma'aunin da ake ƙirga nauyin kwasakwasai da shi), kusan rabi a kwaleji ake haɗawa, kan kuɗi mai sauƙi. Ranar na gano kwas biyu na yi a banza, laifina ne da ban tambaya ba. Kemistiri kuwa sai a zama na biyu ya sake ni.

Na gode wa malamin da ya kwashe mu zuwa dajin McDonald-Dunn, dajin binciken jami'ar, ana yayyafin nan nasu da ba ya ƙarewa. Ya miƙo mini tef ya ce in auna kaurin wata bishiyar Douglas fir daidai ƙirji, ƙafa 4 da rabi daga ƙasa. Hannuwana biyu suka kasa zagaye ta. Sannan ya murɗa wani siririn ƙarfe cikin gindinta, ya zaro tsinken itace, muka tsuguna muna ƙirga shekarunta layi-layi, yatsuna sun ƙage don sanyi. A nan na daina shakkar abin da nake so.

Yaya da Anti, ɗaki da abinci na shekara uku, har da sahur ɗin da ake ajiye mini lokacin jarrabawa, Allah Ya biya ku. Abokin aikina na sito da ke karɓar mini aikin dare, kai ma haka.

Sai Baba, wanda ya ce, "Har Amurka ka je don ka zama malamin daji?" Na ba shi labarin gobarar 2020 da ta cinye sama da eka miliyan 1 a jihar nan, ya yi shiru. Yanzu shi ke kira yana tambaya ko malamanmu sun san dalilin da gawon gonarsa ke zubar da ganye da damina, ya tofo da rani. Baba, Satumba za mu fara in sha Allahu, zan tambayo maka. Ku sa ni a addu'a.