Yadda na auna saurin cin wutar wani garin sinadari

Aikin da aka ɗora mini shi ne in tantance ko wani farin sinadari daskararre, wanda ake shirin zubawa a buhuna domin jigila, yana cikin abubuwan da ke saurin kama wuta. Takardar bayanan kariya da ta zo tare da shi ta ce yana iya ƙonewa, amma ba ta faɗi girman ƙwayoyin samfurin da aka gwada ba, ba ta kuma faɗi yawan danshinsa ba. Wannan giɓi ne ya sa na nemi a kawo mini shi a siffofi biyun da ake sarrafa shi: tsaki-tsaki kamar yadda yake fitowa daga na'urar busarwa, da kuma lallausan gari bayan an niƙa.

Hanyar da na bi ita ce gwajin N.1 na kundin gwaje-gwajen Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda dokokin jigilar kaya masu haɗari da tsarin GHS na rarraba sinadarai duk suka dogara a kansa. Kafin in kunna wuta sai da na duba tsarin sinadarin domin in tabbatar ba ya cikin masu fashewa ko masu ruɓewa da zafin kansu, saboda irin waɗannan ba a fara tunkarar su da harshen wuta. Na auna danshin kowane samfuri, na tankaɗe shi domin sanin girman ƙwayoyinsa, na rubuta duka.

Matakin farko na share fage ne. Ana shimfiɗa sinadarin a layi mai tsawon milimita 250, faɗin 20, tudun 10, a kan faranti mai sanyi wanda ba ya tsotse abu kuma ba ya ɗaukar zafi da sauri, sannan a kara harshen wutar gas mai zafin aƙalla digiri 1,000 a ƙarshen layin har ya kama ko minti biyu su cika. Abin dubawa shi ne ko wutar za ta ci milimita 200 cikin minti biyu. Samfurin mai tsaki ya narke a inda wuta ta taɓa shi, ya yi baƙi, ya ɗan yi hayaƙi, kuma da na janye wutar sai ya mutu nan take. Da shi kaɗai aka kawo mini, da na rubuta cewa bai shiga rukunin masu saurin kama wuta ba, kuma da ban yi ƙarya ba.

Garin kuwa bai jira minti biyu ba. Ya kama, wutar ta bi layin ba tsayawa, don haka dole na wuce zuwa gwajin saurin ƙuna, inda ainihin wahalar take. Ana zuba garin a hankali cikin mazubi mai tsawon milimita 250 wanda cikinsa ke da kusurwa uku, a saki mazubin sau uku daga tsayin milimita 20 domin garin ya zauna, sannan a kife shi a kan farantin. Wannan sakin ba al'ada ce kawai ba. Idan aka danna garin da hannu, iska ba ta samun hanyar shiga tsakanin ƙwayoyin, wutar sai ta yi nawa, sakamakon ya fito da sauƙin da ba na gaskiya ba. Idan kuma aka bar shi a sake ƙwarai, layin yakan rushe a lokacin kifewa. Ana barin wutar ta ci milimita 80 na farko domin tafiyarta ta daidaita, sannan a fara auna lokacin da za ta ɗauka kafin ta cinye milimita 100 na gaba. Duk abin da ya cinye wannan tazara cikin ƙasa da sakan 45, wato saurin da ya wuce milimita 2.2 a sakan ɗaya, ya zama daskararren abu mai saurin kama wuta. Ƙa'ida ta ce a maimaita har sau shida da faranti mai sanyi kowane karo, sai dai idan an samu sakamako mai tabbatar da haɗarin tun kafin nan. Garin nan ya shiga ƙarƙashin sakan 45 ba tare da wata tantama ba.

Akwai abubuwa biyu da kundin ya ambata a taƙaice amma a aikace suke da girma. Na farko shi ne iskar akwatin zuƙe hayaƙi da ake yin gwajin a cikinsa: dole ta isa ta kwashe hayaƙin, amma idan ta yi ƙarfi tana hura wutar ko ta karkatar da ita, kuma bai kamata a sauya ta a tsakiyar gwaji ba. Na biyu shi ne yankin da ake jiƙawa. Ana ɗiga mililita ɗaya na ruwa a kan layin, milimita 30 zuwa 40 bayan wurin auna lokaci, domin a ga ko danshi zai tare wutar. Garin da na gwada yana ƙin ruwa, ɗigon sai ya gangare gefe ya bar tudun a bushe, har sai da na haɗa ruwan da ɗan sinadarin da ke sa shi ratsa gari, wanda shi kansa ba ya ƙonewa. Da yankin ya jiƙu sosai, wutar ta tsaya a bakinsa fiye da minti huɗu. Wannan ne ya sa garin ya faɗa rukuni na 2 a tsarin GHS da alamar haɗari H228, a jigila kuma sashe na 4.1 na daskararrun abubuwa masu saurin kama wuta, rukunin ƙunshi na III. Da wutar ta tsallake yankin, da rukuni na 1 ne da ƙunshi na II, mai tsauraran sharuɗɗa.

Sinadari ɗaya ke nan, suna ɗaya, amma hukunci biyu. Dalilin ba ɓoyayye ba ne, domin ƙuna tana faruwa ne a inda jikin abu ya haɗu da iska, kuma niƙa tana ninka wannan fili sau da yawa, kamar yadda gungumen icce ke ƙin kamawa alhali ƙirarensa na ci nan da nan. Saboda haka nake ganin duk rahoton da ya ba da rukuni bai faɗi girman ƙwayoyi da danshi ba, rabin rahoto ne.

Gwajin N.1 kuma tambaya ɗaya tak yake amsawa, wato saurin tafiyar wuta a kan tulin da ke kwance. Bai ce komai ba game da abin da zai faru idan tulin ya yi girma ya fara ɗumama kansa, wanda ake gwadawa ta hanyar ajiye samfuri cikin kwandon waya a tanda mai zafin digiri 140 na awa 24, bai kuma taɓo batun ƙurar da ta tashi cikin iska ba. Sukari ba ya cikin sashe na 4.1, amma ƙurarsa ce ta tarwatsa matatar Imperial Sugar a jihar Jojiya ta Amurka a shekarar 2008, mutum 14 suka rasu. Garin ƙarafa irin su alminiyom da magnesiyom ma hukuncinsu daban ne, domin ana duba ko wutar ta cinye layin duka cikin minti 10, kuma ba a kusantar su da ruwa.

A rahoton da na miƙa, na raba siffofin biyu da sakamakonsu daban-daban, na haɗa da ma'aunin tankaɗe da na danshi. Na nemi a aika garin zuwa ɗakin gwajin da ke da tulun ƙarfe mai cin lita 20 domin auna ƙarfin fashewar ƙurarsa, a kuma auna mafi ƙarancin tartsatsin da zai iya tayar da ita, tun da wurin cika buhu ne ƙura ta fi tashi kuma gogayya ta fi tara lantarki. Na kuma sa sharaɗin cewa duk ranar da aka sauya injin niƙa ko aka ƙara tsawon lokacin busarwa, a sake kawo samfuri a gwada.