Put off: kalma biyu da suka cinye wa ɗalibina shekara guda

Turanci nake koyarwa a wata sakandaren gwamnati da ke ƙauye tsakanin Gumel da Maigatari. A zangon da ya wuce na yi abin da wasu abokan aikina suka kira ɓata lokaci: na ɗauki aikatau guda ɗaya tak, put, na zauna a kansa da 'yan ajin ƙarshe har suka fara kirana Malam Put a bayan idona. Ba lokaci ne ya yi mini yawa ba. Haushi ne ya sa ni.

Akwai wani tsohon ɗalibina, wanda ya fi kowa ƙoƙari a sa'o'insa. Ya samu kiredit ɗinsa har da na Turanci, abin da ba kowa ke dacewa da shi ba a nan, ya nemi shiga wata kwalejin koyon aikin lafiya. Ana gab da tantancewa sai saƙo ya shigo wayarsa: The screening has been put off. Ya karanta, ya ɗauka an kashe maganar ke nan. Ya tattara takardunsa ya mayar da su akwatin ƙarfen mahaifiyarsa, ya koma bin yayansa kasuwar Maigatari duk Alhamis suna dillancin awaki. Ashe ɗagewa kawai aka yi. Lokacin da ya kawo mini wayar, an yi tantancewar, an liƙa sunaye.

"Malam, ai put off kashewa ne," in ji shi. "Ba haka ake cewa a kashe fitila ba?"

Ban iya yi masa faɗa ba, domin abin da kunnensa ya sha ji ke nan. Mai sa ido a ɗakin jarrabawa cewa yake put off your phones. Mai shagon cajin waya, in zai burge mutane, put off the gen yake ce wa yaronsa. Kuma tarkon yana da kyau: put on the light daidai ne ko a Ingila, to duk mai hankali zai zaci kishiyarsa ita ce put off the light. Turawan su kuwa turn off ko switch off suka fi faɗa, wuta mai ci su ce put out, put off kuma suka bar wa ɗage abu zuwa wani lokaci. In sokewa ce gaba ɗaya, call off ne. Tsakanin put off da call off ɗin nan yaron ya rasa shekararsa.

Jerin da ke bayan littattafan shirin jarrabawa, wanda ake jera put on, put off, put out, put up kowanne da ma'anarsa a gefe, ba ya aiki. Yaranmu gwanayen hadda ne, allo ya horar da su. Ka ba su yau, gobe su kawo maka shi ba tuntuɓe, amma ka sa put off a cikin jimla su koma wa fitilarsu. Abin da ya buɗe musu kai daga Hausa ya fito. Wata safiya na rubuta a allo: ci bashi, ci amana, ci mutunci, ci gaba, ci jarrabawa, ci kasuwa. Na ce a nuna mini wanda ake sawa a baki. Aji ya yi tsit, can wata yarinya daga benci na baya ta ce, "Malam, ai ba wanda ya taɓa tauna bashi." Aka kwashe da dariya. Na ce to haka Bature ya yi da put. Wanda ya koyi cewa ci shi ne tura tuwo a baki, ranar da aka ce masa wane ya ci amanarka zai tsaya yana neman kwano. Kalmomin biyu tare suke tafiya, tare ake koyonsu, ba a raba su a tambayi kowacce ma'anarta.

Daga nan ban sake ba su ma'ana tsirara ba, sai cikin jimla, jimlar kuma daga garinmu. The wedding was put off until after the harvest: an ɗage biki sai bayan kaka. They put out the fire before it reached the granary: sun kashe gobarar kafin ta kai ga rumbu. She puts aside some money from the groundnut oil she sells: tana ware wani abu daga kuɗin man gyaɗa. My uncle put us up in Kano: kawu ne ya sauke mu a Kano. Wannan na ƙarshen ya ba su mamaki, sun zaci ɗaga mu ya yi sama. Da muka zo put up with, wato jure wa abin da ba ka so, sai na bar su su ƙirƙiro nasu. Rabin ajin zafin watan Afrilu suka rubuta, wani kuma ya rubuta kishiyar babarsa, na ce ya goge kafin littafin ya je gida.

Amma kullum sai na dawo da su kan put off, har suka gaji da ni. Na nuna musu cewa in an gan shi da until ko till a bayansa, magana ta ƙare, ɗagewa ce. In babu, kamar a saƙon yaron nan, kada a yanke hukunci, a je a tambayi sabuwar rana. Na nuna musu cewa aikatau da ke biye da shi -ing yake ɗauka: he put off going to the clinic, ba to go ba. Sannan yana da wata fuskar, ta sa abu ya fita daga ran mutum: the smell put me off the food, wari ya sa abincin ya fita raina. Ga kuma inda ake ajiye it. Ana cewa put it off, ba a cewa put off it, amma put up with it ba ya rabuwa ko kaɗan. Masana nahawu za su ce off a nan ba irin kalmar with ba ce, shi ya sa. Ni dai ban tsaya dogon bayani ba, na sa su maimaita da baki har kunnensu ya fara ƙin wanda ba daidai ba.

Wannan ba ado ba ne ga mai zana WAEC. Takardar farko ta Turanci tambaya 80 ce ta zaɓi cikin awa ɗaya, kuma a sashen da ake neman kalmar da ta fi kusa da ma'ana, irin waɗannan haɗe-haɗen na yawan fitowa. Mai tsara tambaya ya san inda yaranmu ke zamewa. Zai sa postponed, ya sa cancelled a gefensa, ya jira.

Wani abokin aikina, wanda ya girme ni a koyarwa, ya tare ni a ofishin malamai. "Malam, wai me ya yi zafi? Turancinmu ne na Nijeriya, kowa na ganewa. Ba ka ji ƙamus ɗin Oxford ya shigar da kalmominmu ba?" Na ce ranka ya daɗe, na ji. A watan Janairun 2020 ne, kalma 29, har da okada da danfo da Kannywood, kuma na yi murna. Amma okada bai danne wata ma'ana ba. Put off ɗinmu na kashe fitila ya zauna ne a kan ma'anar da ke zuwa a saƙon waya da takardar ofis da jarrabawa, ya rufe ta ruf. Wanda ya san duka biyun ya faɗi wanda ya ga dama a kasuwa, ba ruwana. Yaron da ɗaya kawai ya sani shi ake bari a tasha. Ya ce ina da tsaurin kai. Washegari a taron safe na ji shi da kunnena yana ce wa wani yaro put off that radio.

Sakamakon 'yan ajin nawa bai fito ba tukuna, don haka ba zan yi cika baki ba. A gwajin ƙarshe da na yi musu dai na sa put off ba tare da until ba, da gangan, kuma 'yan kaɗan ne suka faɗa ramin. Zangon nan call na kama da sabon aji, kuma da call off na fara.