Ku sa mai gadi a kan saƙon komit

Ƙannena masu koyon rubuta manhaja a unguwannin Nima, Mamobi da Madina na Accra a Ghana, akwai abin da na daɗe ina rainawa har ya taɓa kuɗin wasu: 'yar jimlar nan da Git, manhajar da ke adana tarihin canje-canjen aikinmu, ke nema duk sanda ka ajiye canji, wato saƙon komit.

Mu huɗu ne ke riƙe da wata manhaja da 'yan kasuwa ke lissafin ciniki da kuɗin da suke turawa ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya. Da harajin e-levy, wanda gwamnati ta sa kan tura kuɗi ta waya, ya fara aiki a Mayun 2022, kashi 1.5 cikin ɗari, ni na shigar da shi. Wuri uku na sa shi, a darare daban-daban, kuma saƙonnin da na bari su ne "gyara", "gyara kuma", "an gama". A Janairun 2023 aka rage shi zuwa kashi 1. Wani yaro da ya shigo mana sabo ya buɗe git log, jerin saƙonnin komit na baya, neman inda na taɓa, ya tarar da allo cike da "gyara" daga sama har ƙasa. Ya samu biyu. Ya ce, "Yaya, akwai saura?" Na ce babu, don ni ma na manta. Bayan mako biyu wata hajiya mai sayar da atamfa ta zo da littafinta, ta lashi yatsa ta buɗe shafi, ta nuna inda lissafinta da namu suka saɓa. Sidi kaɗan ne, amma guminta ne, kuma har ta fara zargin yarinyar shagonta. Wannan zargin ya fi komai ci mini rai.

Ƙa'idar ba ta da wuya. Takardun Git kansu sun ba da shawarar layin farko kada ya wuce haruffa 50, a bar layi ɗaya fanko, sannan bayani. Tsarin Conventional Commits ya ƙara da cewa a fara da nau'in canjin: feat ga sabon abu, fix ga gyaran kuskure. Muka rubuta haka muka manna a bango. Ko wata ba a yi ba na karya ta, domin ƙarfe ɗayan dare, ga gajiya, mutum ba ya duba bango.

Shi ya sa nake cewa ku bar wa kwamfuta gadin. A cikin .git/hooks ana iya sa ƙugiya (hook) mai suna commit-msg, wato ɗan shirin da Git ke kunnawa da kansa a lokacin komit. Git na miƙa mata fayil ɗin saƙonka kafin ya kammala. Idan ta dawo da lambar da ba sifili ba, komit ɗin bai shiga ba ke nan. Kana iya rubuta 'yan layuka da kanka, ko ka ɗora wata manhaja mai suna commitlint ta duba nau'i da tsawo.

Nan ma na sake tuntuɓe. Na kafa ƙugiyar a kwamfutata na ɗauka ta kama kowa, alhali git clone, umarnin da ake kwafo aikin da shi, ba ya ɗauko ƙugiyoyi. Sai an ajiye su cikin ma'ajiyar aikin an nuna wa Git wurin da core.hooksPath, ko a yi amfani da husky, manhajar da ke kafa wa kowa ƙugiyoyin. Kuma mai gaggawa na iya tsallakewa da --no-verify, don haka a maimaita dubawar a saba (server), misali da GitHub Actions mai gudanar da dubawa da kansa, kafin a haɗe kowane reshen aiki da babban aikin.

Sai dai mai gadin nan siffa kawai yake gani. "fix: gyara" na iya wuce shi lafiya lau. Dalilin canji kuwa kai kaɗai ka san shi, kuma a ranar ka fi saninsa. Da Hausa ko da Turanci, yadda kuka shirya tsakaninku, ka faɗi abin da ka canza da abin da ya sa. Wanda ya kamata in rubuta a daren nan shi ne "feat: sa e-levy 1.5% a rasit", a ƙasa kuma in ce adadin yana nan a wasu fayiloli biyu, in ambaci sunansu, in ce duk ranar da gwamnati ta canza shi a taɓa ukun tare.