Tsoffin Ƙarafa Uku Da Nake Neman Halali Da Su

Kamfanina bai wuce injuna uku da mutum biyar ba. Akwai gireda ƙirar Caterpillar No. 12 wadda ke daidaita ƙasa da doguwar wuƙar da ke ƙarƙashinta, akwai sikirefa DW21 wadda ke kankare ƙasa ta ɗebe ta a cikinta, sai buldoza D8 da ke tura ta daga baya. Babu ɗaya a cikinsu da bai girme ni ba. Ranar da muka fara sauke su a wajen aiki, injiniyan da ke kula da kwangilar kan zagaya su sau biyu, ya dube ni, ya ce, "Maigida, waɗannan za su tashi kuwa?" Ban taɓa yin musu da kowa ba. Nakan ce ya dawo da la'asar ya auna.

Giredar ita ce uwar ɗakin sauran. Tun 1938 Caterpillar ya fito da samfurin No. 12, shekara goma bayan ya sayi kamfanin gireda na Russell, kuma ya daɗe yana ƙera ta ba tare da sauya mata tsari sosai ba. Wannan ne ya sa har yau kayan gyaranta ba su ɓace ba. Tawa ba a tayar da ita da makulli. Wani ɗan ƙaramin injin fetur mai silinda biyu ne maƙale a jikin babban injin dizal. Shi ake fara tayarwa, a bar shi ya yi ta juya babban har baƙin mai ya zagaya, ƙarfe ya ɗau ɗumi, sannan a sakar masa dizal. Idan babban ya kama, sai a rufe fetur a bar ƙaramin ya shanye na cikin kafireta ya mutu da kansa. Wanda ya yi gaggawa ya kashe shi da fetur a buɗe, man zai tsiyaye ya gauraya da baƙin mai, kuma ba a jimawa injin ya tafi. Na koyi wannan da kuɗina.

Abin da ke raba yaro da gwani shi ne sandunan sarrafa wuƙar. Ba haidirolik ba ne kamar na gireda 12G da ta zo a 1973. Haƙoran giya ne ke cizon juna. In wuƙa ta ci karo da dutse, sandar kan yi harbi kamar jaki, shi ya sa ba a damƙarta, da tafin hannu ake tura ta. Duk sabon direba sai na nuna masa babban yatsana na hagu kafin ya hau. Amma wannan harbin da ake tsoro, ta nan ne ƙasa ke yi wa mutum magana. Dattijon direbana yakan san ya shiga taushi ko tauri kafin ido ya gani. Ya kwantar da tayoyin gaba gefe guda don kada nauyin ƙasa ya ja motar, ya karkata wuƙa mai ƙafa 12, ya fitar wa hanya doro a tsakiya, kamar santimita 4 a kowace mita, yadda ruwa zai gangara lambatu. Ba shi da na'urar tauraron ɗan Adam, turakun safiyo ne da igiya da idonsa.

Sikirefa kuwa halinta daban. DW21 ta fito a farkon shekarun 1950, bayan maƙerin injuna R.G. LeTourneau ya nuna wa duniya da Tournapull ɗinsa na 1938 cewa injin ɗiban ƙasa zai iya gudu a kan tayar roba. Ita kaɗai take yanka, ta ɗauka, ta kai, ta shimfiɗa, aikin da in ba ita ba sai an haɗa mahaƙa da tifofi. Igiyar ƙarfe ce ke ɗaga cikinta, ta buɗe bakin, ta turo ƙasar waje. Igiya tana ja ne kawai, ba ta dannawa, don haka nauyin cikin ne ke nutsa wuƙar, kuma a ƙasa mai tauri sai D8 ta sa mata kafaɗa. Kowace safiya ana bin igiyar da ido, musamman inda take goga a kan kura, wato ƙaramar tayar ƙarfen da igiyar ke bi ta kanta. Da zarar silin waya ya fara tashi, a yanke wurin a jawo sabo daga naɗi. Sau ɗaya na ce a bari sai gobe; ta tsinke da ciki fal da yumɓu, muka kwana biyu muna haƙa da shebur.

Ba kowane aiki nake karɓa ba, kuma nan ne ribar take. Filin da za a daidaita, madatsar ruwa ta gona, hanyar burji, wurin da za a yanke tudu a cike kwari a tazarar 'yan ɗaruruwan mitoci, duk nawa ne. Dutse, ko laka bayan ruwan sama, ko aikin da aka ɗaure da tara in an makara, na bar wa masu sababbin injuna. Manyan kamfanoni ma sukan ƙi bari mu shiga, saboda an ƙera injunan nan babu rufin da ke kare direba idan mota ta kife, kuma ban ga laifinsu ba. Birkin sikirefa ma ba abin dogaro ba ne. A gangara direba yana riƙe da ciki kusa da ƙasa, in ta nemi ƙwacewa ya sake shi ya ci ƙasa.

Suna shan mai, suna yoyo, ƙararsu na toshe kunne. Sai dai ba a bin su bashi, kuma duk abin da ya lalace ina iya ganinsa da ido in taɓa shi da hannu, mu gyara da sifana da walda ba tare da jiran mai kwamfuta ba. Abin da ke hana ni barci ba kayan gyara ba ne. Direban giredata ya ba wa sittin baya, kuma cikin samari huɗu da na ɗauka koyo, ɗaya ne ya tsaya. Makon jiya ya fitar da lambatunsa na farko shi kaɗai, tsohon ya bi ta kai da ƙafa har ƙarshe, bai ce a sake ba.