Jirgin da gara ta ci a bargar giwaye

Duk kafintan da ya san aikinsa, idan aka kawo masa katakon da gara ta shiga, ba ya jan magana. Zai ƙwanƙwasa, ya ji cikin babu komai, ya ce wa mai kaya ya haƙura ya sayi sabo. Ni ma haka nake yi a shagona. Shi ya sa labarin wani jirgin saman yaƙi na katako, wanda gara ta yi wa kaca-kaca a Indiya amma aka tashe shi har ya sake hawa sama, ya tsaya mini a rai.

Sunan jirgin DH.9. Wani Baturen Ingila, Geoffrey de Havilland, shi ya zana shi, aka fara gwada shi a 1917, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya. Fukafukansa hawa biyu ne, ɗaya a bisa ɗaya, an riƙe su da sanduna da wayoyi. Mutum biyu yake ɗauka, matuƙi a gaba, mai bindiga a bayansa, kawunansu a waje iska tana dukansu. Aikinsa jefa bom. Kusan duk jikinsa katako ne da yadi, ƙarfen ciki kaɗan ne in ka cire inji. An ƙera fiye da 4,000, kuma da aikin ya fi ƙarfin masana'antar jirage sai aka raba kwangila har ga masu yin kujeru da gadaje. Wani kamfanin kayan ɗaki mai suna Waring & Gillow yana cikin waɗanda suka yi. Ranar da na karanta wannan na ji daɗi ƙwarai, don 'yan'uwana kafintoci ne suka fere shi da hannunsu.

A fagen yaƙi bai yi farin jini ba, kuma laifin injinsa ne, Siddeley Puma. An sa ran zai ba da ƙarfin doki 300, sai ya tsaya a 230, ga shi da yawan lalacewa ana tsakiyar tafiya. Matuƙa da yawa sun rasa rayukansu ko sun faɗa hannun Jamusawa saboda haka.

Da yaƙi ya ƙare, jirage suka yi wa Birtaniya yawa, sai ta rarraba su kyauta ga ƙasashen da ke ƙarƙashinta. Indiya ta samu 100, aka miƙa wasu ga sarakunan gargajiya. Haka DH.9 ya je Bikaner, wani birni a hamadar Rajasthan, zamanin sarkinsu Maharaja Ganga Singh. Daga baya aka tura su bargar giwaye ta fada, aka manta da su shekara da shekaru. Bushewar hamada ta kare ƙarafan daga tsatsa, ita kuwa gara ta samu abinci.

A 2000 wani injiniya ɗan Ingila, Guy Black, ya yi ciniki ya kwaso ragowar jirage biyu zuwa ƙasarsu, ya kai su ma'aikatarsa ta Retrotec a yankin Sussex. Abin da suka yanke game da jiragen nan biyu shi ne ya fi burge ni a duk labarin. Na farko, mai lamba D5649, wanda masu kayan ɗakin nan suka ƙera, an gyara shi don kallo kawai, aka ajiye shi a gidan tarihin yaƙi na Duxford a 2007. Na biyu, mai lamba E8894, shi aka ware don ya tashi. Aiki biyu ne daban, kuma duk mai riƙe zarto ya san dalili. Abin da za a ajiye a ɗaki mutane su kalla, kana iya lallaɓa tsohon katakonsa, ka cike ramuka, ka bar tabon da shekaru suka yi masa. Abin da ɗan Adam zai shiga ya hau sama da shi kuwa, babu lallaɓawa. Sandar da ta raunana ta tafi ke nan, komai tarihinta.

Ga yadda irin wannan aiki yake. Kowane fiffike yana da manyan sanduna biyu da suka ratsa shi a tsawo, sai ƙananan haƙarƙari jere a kansu, su ne ke ba shi siffa. Katakon da ake so shi ne spruce, mara nauyi ga ƙarfi, kuma dole jijiyarsa ta miƙe sambal, babu gaɓa ko ɗaya. Ni a shago in na ga gaɓa a katako sai in juya ta ciki inda ido ba zai gani ba. A jirgi ba a yin haka, yar da katakon ake yi. Tsohon guntun da gara ta bari kuwa ba a zubar da shi, shi ne ma'auni. A kansa ake auna kauri, a ga inda aka huda, a ga yadda kafintan 1918 ya haɗa gaɓoɓinsa. Ƙarafan haɗi kuma a wanke su ɗaya bayan ɗaya, a duba ko da tsaga, mai lafiya ya koma wurinsa, mara lafiya a ƙera irinsa.

Sai yadi. Lilin ake shimfiɗawa a kan fiffiken, a ɗinke shi da allura da zare a jikin kowane haƙarƙari, ƙulli bayan ƙulli, don kada iska ta ɗaga shi. Bayan nan a shafa masa wani ruwan magani da ke sa shi ya tsuke, shafi bayan shafi, har ya ɗaure tamau kamar fatar kalangu. Daga nan a koma kan wayoyi. Kowace waya da gwargwadon ɗaurinta, in ɗaya ta fi 'yar'uwarta tsauri jirgin zai riƙa karkata a sama. Injin kuwa, mai silinda shida da ake sanyaya shi da ruwa, babu kantin da ke sayar da kayansa a duniya, kuma shi ne dai injin nan da ya yi ƙaurin suna tun yana sabo. Ga hukumar jiragen sama ta Birtaniya, wadda sai ta gamsu kafin ta ba da izinin tashi.

Ranar 13 ga Mayu, 2019, E8894 ya tashi a filin Duxford, shekara 19 bayan kwaso shi daga Indiya.

Na ji masu cewa ai wannan sabon jirgi ne aka liƙa masa tsohuwar lamba. Maganarsu ba ta banza ba ce, don sabon katako yana da yawa a jikinsa. Amma ban yarda da su ba. Mai son ganin aikin mutanen da, ga D5649 nan a tsaye a ɗaki. Shi wanda ke tashi wani abu ya adana wanda ɗaki ba ya iya adanawa: yadda ake zaɓen katakon, yadda ake ɗinkin, yadda ake ɗaure wayoyin, da ƙarar injin a kunne. Sana'a irin wannan in ba a yin ta, mutuwa take yi tare da masu ita, kuma zane a takarda ba ya koya wa hannu aiki.

Mu ma muna da alaƙa da zuriyar jirgin nan. Da injin Puma ya gaza, sai aka sa wa jirgin injin Amurka mai suna Liberty, mai ƙarfin doki 400, aka ƙara masa faɗin fiffike, aka kira shi DH.9A. Irinsa guda uku ne suka taso daga Helwan kusa da Alƙahira a ƙarshen Oktoba 1925, ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham na rundunar sojan saman Birtaniya, suka bi ta Hartum da Fasher da Fort Lamy, wato Njamena ta yau, suka yada zango a Maiduguri, suka sauka Kano ranar 1 ga Nuwamba. Su ne jiragen sama na farko da Kanawa suka gani da idonsu, katako da yadi da waya, sun ratso Sudan da Chadi. Akwai DH.9A na asali guda a gidan tarihin sojan sama da ke Hendon a Landan, sai dai shi na kallo ne, ba ya tashi.