Daga Singafo zuwa New York ba tare da yada zango ba

Tsakanin filin jirgin sama na Changi da ke Singafo da na John F. Kennedy da ke New York akwai tazarar kilomita kusan 15,300, kuma jirgin kamfanin Singapore Airlines yana cinye ta a tashi ɗaya, cikin sa'o'i 18 zuwa 19. Tun daga watan Nuwamba na 2020 da aka fara wannan jigila ake lissafa ta a matsayin mafi tsawo da jirgin fasinja ke yi bai sauka ko'ina ba.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda jirgin ba kasafai yake bin hanya mafi gajarta ba. Idan mutum ya ɗauki zare ya miƙa shi a kan ƙwallon taswirar duniya daga wannan birni zuwa wancan, zai ga zaren ya haura arewa, ya ratsa China da Rasha, ya gifta yankin ƙanƙara na can ƙuryar arewa, sannan ya gangaro ta Kanada. Amma matuƙa sun fi kula da iska a kan tsawon hanya. Can sama inda jirage ke tafiya akwai wata iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas, wadda gudunta kan wuce kilomita 200 a sa'a guda, alhali shi kansa jirgin kusan 900 yake yi. Wanda ya ba ta baya ta tura shi, wanda ya tunkare ta kuwa ya sha mai ya kuma ɓata lokaci.

Saboda haka a tafiya jirgin yakan nufi gabas, ya bi ta kusa da Japan ya tsallaka tekun Fasifik. A dawowa kuma, maimakon ya juya ta inda ya fito, sau da yawa gabas ɗin yake ƙara nufa, ya haye tekun Atlantika, ya keta Turai da Asiya har ya isa gida, wato ya kewaye duniya ke nan. Hanyar ta fi tsawo a kilomita, amma ta fi sauƙi a agogo. Ga kuma yaƙin Yukiren, wanda tun 2022 ya sa kamfanoni da dama suke kauce wa sararin samaniyar Rasha.

Nisan nan yana da tsada. Kamfanin ya taɓa yin irin wannan jigila zuwa Newark, wani birni da ke kusa da New York, daga 2004 da jirgin Airbus A340 mai injuna huɗu, amma shan mansa ya sa aka dakatar da ita a 2013, sai a 2018 aka dawo da ita da A350 mai injuna biyu. Wannan samfuri na dogon zango kujeru 161 kacal gare shi, kuma babu ɓangaren masu tikiti mafi araha a cikinsa sam. A ganina hakan daidai ne, domin zaman sa'o'i 18 gwiwa na gogar kujerar gaba ba abin da za a sayar wa mutum da kuɗinsa ba ne.